Daga tsinka zuwa tukunya: yadda za ka raba tumatirinka da ruɓewa

Tumatirin da ka tsinka bai mutu ba. Wannan ce maganar da nake fara faɗa wa duk manomin da muka zauna da shi a bakin gona, a Kadawa ne ko Kura ko Bunkure, kuma ita ce aka fi yi mini kallon mamaki a kanta. Yana numfashi. Yana shaƙar iska, yana ƙona zaƙin da ke cikinsa, yana fitar da zafi da ruwa. Da yana jikin uwarsa, ita ke mayar masa da abin da ya ɓatar. Yanzu babu mai mayar masa, duk abin da ya fita ya fita ke nan.

Marigayi Farfesa Adel Kader, ɗan asalin Masar da ya yi aiki a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka, ya rasu a 2012, a kan wannan fanni ya ƙarar da rayuwarsa: me ke faruwa da kayan lambu da 'ya'yan itace bayan an raba su da gona. Abin da bincikensa da na abokan aikinsa ya tsaya a kai shi ne, bayan girbi ba a ƙara wa kaya inganci, sai dai a rage saurin lalacewarsa, kuma babu abin da ke juya wannan sauri kamar zafi. Duk ƙarin digiri 10 a ma'aunin Salshiyas yana ninka saurin lalacewa sau 2 zuwa 3. Davis ɗin nan ba baƙuwarmu ba ce, don irin UC82 da aka daɗe ana shukawa a ƙasar Kano daga can ya samo asali. Irin ya iso gare mu, amma ilimin kula da shi bayan tsinka bai iso da sauri haka ba.

Ƙiyasin da ake yawan ambata shi ne kusan kashi 40 cikin 100 na tumatirin Najeriya ba ya kaiwa tukunya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Kwanar Gafan a tsakiyar kakar tumatir, ya ga ruwan da ke tsiyaya daga ƙasan motoci, ba zai yi gardama ba. Wannan ruwa kuɗin taki ne, da kuɗin fetur na injin ban ruwa, da gumin wata uku. Shi ya sa nake son mu bi abin daki-daki.

Abin da ka yi kafin ranar tsinka

Mako guda kafin tsinka, ka rage ban ruwa. Tumatirin da ya sha ruwa ya ƙoshi yakan tsage, tsagaggen tumatir kuwa ba ya tafiya nesa.

Sai maganin feshi. Tun 2016 da tsutsar nan ta Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, hannun mutane ya yi nauyi a feshi. Ban ga laifin wanda ya ga gonarsa na ƙonewa ya nemi magani ba. Amma a jikin kowace kwalbar magani ta gaskiya an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi. Ka karanta, ko ka sa ɗanka ya karanta maka, kuma ka cika kwanakin. Wanki ba ya fitar da maganin da ya riga ya ratsa cikin ɗan itace. Taki ma haka. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ɗauke da ƙwayoyin cutar ciki. A ƙa'idar noman da babu sinadari ta Amurka, sai an bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Tumatirinmu da yawanci ba a kafa masa sanda, a kwance yake kan kunya. Ka bar takin ya ruɓe sarai kafin ya shiga gona.

Yaushe za a tsinka

Da sassafe, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta yi ƙarfi. Idan ba a samu ba, da la'asar sakaliya. Tumatirin da aka tsinka da azahar yana shiga kwando da zafin rana a cikinsa, ya kwana da shi, ya dafa maƙwabtansa.

Matakin nuna kuwa, nisan kasuwa ne ke yanke shi. Idan kasuwar 'Yankaba da ke Kano za ka kai gobe da safe, ka tsinki wanda ya yi ja amma da ƙarfinsa. Idan Legas za shi, kasuwar Mile 12, tafiyar kusan kilomita 1,000, to ka tsinki wanda launi ya fara ɓullo masa a gindi, sauran jikinsa kore. Zai nuna a hanya, ya isa da ƙarfinsa. Amma ka kula, akwai koren da ya ƙosa, akwai wanda bai ƙosa ba. Ga yadda ake ganewa: ka ɗauki guda ka yanka da wuƙa mai kaifi. Idan cikin ya yi yauƙi, ƙwayoyin irin suka zille wa wuƙa ba su yanku ba, ya ƙosa. Idan wuƙa ta raba irin biyu, cikin a bushe, to da saura. Irin wannan ko ya yi ja daga baya, ba zai yi ɗanɗano ba, uwargida za ta zuba shi a miya ta ji tsami kawai.

A cire hancin, wato ɗan itacen da ke riƙe da shi a jikin uwa, domin tsinin hanci na huda na kusa da shi. Masu tsinka su yanke farce, su wanke hannu da sabulu, musamman bayan an zaga. Kada a jefa tumatir cikin bokiti daga tsaye, a ajiye shi. Raunin faɗuwa ba ya nunawa a ranar, sai bayan kwana biyu, a hannun mai saye, shi kuma ba zai sake neman kayanka ba.

Daga nan sai inuwa, nan take. Rumfar kara ko ta zana a bakin gona ta wadatar. Tumatirin da ke zaune cikin rana yakan fi iskar da ke kewaye da shi zafi sosai. Kada ka lulluɓe shi da baƙar leda ko tamfol ka ce ka yi masa inuwa, murhu ka haɗa masa. Ga wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: idan zafi ya wuce digiri 30, sinadarin da ke ba tumatir jan launi ba ya samuwa yadda ya kamata. Shi ya sa a bazara za ka ga tumatir ya yi laushi amma launinsa ruwan lemo, mai saye ya raina shi. Tsakanin digiri 18 da 21 ne ya fi nuna da kyau.

Maganar kwando

A nan ne asara mafi girma take, kuma a nan ne aka fi yi mini musu.

Babban kwandon da muka gada yana da aibi uku. Na farko, cikinsa kaushi ne da tsinke, yana yagar fata. Na biyu, yana da zurfi, na ƙasa yana ɗauke da nauyin duk na sama. Na uku shi ne mafi muni: ba ya iya ɗaukar nauyin ɗan'uwansa. Idan aka jera kwanduna hawa-hawa a cikin tirela, tumatirin da kansa ne ke riƙe da kayan da ke samansa. Kowane rami a hanyar Lokoja, shi ke shan sa. Ga ciyawa da takardar buhun siminti da ake rufe baki da su, suna tare iska. Sannan ba a wanke kwando, ruɓar tafiyar da ta wuce tana nan maƙale a saƙarsa tana jiran sabon kaya.

Kiret na roba mai ramuka a jiki yana ɗaukar wajen kilo 20 zuwa 25. Idan aka ɗora wani a kan wani, gefen robar ne ke ɗaukar nauyi, tumatir na zaune lafiya. Iska na ratsawa, ana wanke shi, kuma yana yin shekaru. Hukumar NSPRI mai binciken adana amfanin gona, wadda hedikwatarta ke Ilori kuma tana da ofis a Kano, ta daɗe tana kiran mutane zuwa gare shi.

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Kiret na da tsada. Kwando idan ya isa Kudu shi ke nan, kiret kuwa sai an biya kuɗin dawo da shi, wani lokaci ya ɓata a hanya. Dillali ya saba ciniki da kwando, ba da kilo ba. Ga masu saƙa kwando, su ma abincinsu ke nan. Duk gaskiya ne. Shawarata ita ce ƙungiya: manoma goma ko ashirin su haɗa kuɗi su saya, su rubuta sunan ƙungiya a jiki, ko su karɓi haya inda ake bayarwa. Ku gwada da mota ɗaya, rabi kwando rabi kiret, ku sa wakilinku a can ya ware mai kyau da marar kyau ya faɗa muku. Lissafin da kuka yi da kanku ya fi wanda zan yi muku.

Idan kwandon dai za ka yi amfani da shi, to ka zaɓi ƙarami marar zurfi, ka shimfiɗa masa takarda mai tsafta a ciki, kada ka cika shi ya yi tozo. A mota a gitta katako tsakanin hawa da hawa don katakon ya ɗauki nauyi. Kada yaran mota su zauna a kan kaya. A yi tafiyar dare idan hanya ta ba da dama, in an tsaya da rana a nemi gindin bishiya.

Kafin komai ya shiga mazubi, a tsince. Duk wanda ya fashe, ko tsutsa ta huda, ko ya nuna alamar ruɓa, a fitar da shi. Ɓoye shi a tsakiyar kwando ha'inci ne, kuma asara ce gare ka kai kanka, don ruwansa zai bi sauran.

Wanki: inda tsafta ke iya zama cuta

Wannan shi ne binciken da ya fi tsaya mini a rai. A farkon shekarun 1980, Jerry Bartz, masanin cututtukan tsirrai a Jami'ar Florida, da abokin aikinsa sun nuna cewa idan aka tsoma tumatir mai ɗumi cikin ruwan da ya fi shi sanyi, iskar da ke cikinsa takan tsuke, sai ya zuƙi ruwan ta gurbin da hanci ya fita, kamar yadda ƙahon wanzami ke zuƙar jini. Duk ƙwayar cutar da ke cikin ruwan ta shige ciki ke nan, inda babu wankin da zai cim mata. Daga nan ruɓar nan mai wari ke farawa, kuma ta wannan ƙofa ƙwayar Salmonella mai sa zazzaɓi da gudawa ke iya shiga. Tsoma shi da zurfi, ko barinsa ya daɗe a ciki, yana ƙara matsalar.

Ka tuna yadda ake yi a wurare da yawa: a kwaso tumatir daga rana, a juye shi cikin ruwan kwata ko baho ɗaya da aka wanke kwando goma a ciki, wai don ya yi sheƙi. Gara ba a wanke ba.

Don haka, idan tumatirinka ba laka a jikinsa, kada ka wanke shi kafin tafiya, ka goge da tsumma mai tsafta busasshe. Idan dole sai an wanke, ka bar shi ya huce a inuwa tukuna. Ruwan ya zama wanda za ka iya sha, kuma ya ɗan fi tumatirin ɗumi, masana na cewa da kamar digiri 5. A sa masa bilic marar turare: idan an rubuta 3.5% a jikin kwalbar, cokalin cin abinci 4, wato wajen mililita 60, a cikin lita 20 na ruwa. Kada tumatir ya wuce minti 2 a ciki. Da ruwan ya fara gurɓata a zubar a sake sabo, domin datti yana cinye ƙarfin bilic ɗin. A shanya a inuwa ya bushe kafin a zuba a mazubi. Kada a haɗa bilic da wani sinadari, kada kuma a sa omo.

Ke kuma uwargida, abin da ya fi shafar ki shi ne wanda ake ci ɗanye: latas, kabeji, karas, kokwamba, da tumatirin da ake yankawa a kan kwaɗo ko gurasa. Wasu lambunan cikin birni, irin na bakin Jakara a Kano, da ruwan da ya biyo ta cikin gari ake shayar da su, don shi ne ruwan da masu lambun ke da shi. Ba za ki gane da ido ba. Ki ɓare ganyen waje ki zubar, ki wanke sauran ganye ɗaya-ɗaya da ruwa mai tsafta, kina zubawa yana wucewa, ba a tsaye cikin roba ba. Ruwan gishiri da aka saba da shi yana fitar da ƙasa da ƙananan ƙwari, amma ba ya kashe ƙwayar kwalara ko ta taifot. A lokacin da amai da gudawa ke yawo a gari, ki jiƙa ganyen a ruwa lita 2 da ƙaramin cokali 1 na wancan bilic, ki ɗauraye sosai, ko kuma ki dafa kawai. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama ba ta taɓa latas sai an wanke ta da sabulu.

Sanyi ba tare da wuta ba

A nan muna da abin alfahari. Marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, shi ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyuka a shekarun 1990, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Shi ya ɗauki wannan sani ya mayar da shi wurin ajiyar kayan miya.

Ka samo tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, waɗanda ba a shafa musu fenti ko siminti ba. Ka zuba yashi a gindin babbar, ka zaunar da ƙaramar a ciki yadda bakinsu zai yi daidai, ka cike tsakaninsu da yashi mai tsafta. Ka jiƙa yashin har ya ƙoshi. Ka zuba kayan a cikin ƙaramar, a bushe, ba da ruwa ba, ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma ko buhun algarara. Ruwan da ke tsatsowa ta jikin babbar tukunya yana bin iska, yana tafiya da zafin ciki. Ka ƙara ruwa safe da yamma. Wurin ajiyewa shi ne rabin aikin: inuwa mai iska, a ɗan ɗaga ta a kan duwatsu ko murhun ƙarfe don iska ta bi ta ƙasa. A kulle cikin ɗaki ba ta yin komai. A gwajin da aka ruwaito daga aikinsa, gauta da kan lalace a kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai kuma mako 3 ko fiye. Ni dai ina ce wa mutane su sa ran ƙasa da haka, kuma su riƙa dubawa kullum suna fitar da wanda ya fara laushi.

Dabarar tana son busasshiyar iska, shi ya sa ta dace da hunturu da bazara, daidai lokacin da tumatirin rani ke cika kasuwa. Da damina ƙarfinta kan ragu ƙwarai. Mai kaya da yawa zai iya gina irinta da jan bulo, yadda masu bincike a Indiya suka tsara: bango biyu, tsakaninsu kamar faɗin yatsu huɗu cike da jiƙaƙƙen yashi, murfin kara, rumfa a sama.

Albasa kada ta shiga ciki. Ita bushewa da iska take so, laima ke sa ta tsiro ta ruɓe.

Firji kuma ba abokin koren tumatir ba ne. Ƙasa da digiri 12 ko 13, sanyi na yi masa illa: ya ƙi nuna da kyau, ya yi tabo, ya rasa ƙamshi. Wanda ya nuna sarai zai iya yin 'yan kwanaki a ciki. Idan za ka kai kaya ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana, irin waɗanda suka fara bayyana a kasuwanni, ka tambayi a digiri nawa aka saita shi kafin ka sa kore.

Abin da ba a haɗawa

Nunannen tumatir, ayaba da mangwaro suna fitar da wata iska mai suna etilin, ita ke sa nuna. Tana mayar da latas da kabeji da kokwamba rawaya, tana sa karas ɗaci. A raba musu wuri. Idan kuma kana son kore ya nuna da wuri, ka sa nunanniyar ayaba a cikin kwalin ka rufe. Wannan ya ishe ka. Kabaid na masu walda da wasu ke nannaɗewa a takarda su cusa cikin ayaba ko mangwaro yana ɗauke da gurɓatattun sinadarai masu guba, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa, kuma abin da ya nunar waje ne kawai ke yin launi, ciki ɗanye.

Wanda ya ruɓe, da wanda za a shanya

Na san dalilin da ke sa ake sayen fasasshen tumatir mai araha, musamman masu abincin sayarwa, kuma ba zan yi wa mai ƙaramin ƙarfi faɗa ba. Amma a bambanta. Wanda ya fashe yau saboda matsi, ba wari ba funfuna, a wanke a dafa shi yau ɗin, ya tafasa sosai. Wanda ya yi funfuna, fara ko baƙa, ko yake wari, a zubar da shi gaba ɗaya. Tumatir abu ne mai laushi da ruwa, funfunar na kai saiwarta ciki nesa da inda ido ke gani, kuma wasu gubobin da take fitarwa tafasa ba ta kashe su.

Idan kasuwa ta faɗi, kauɗa ce mafita, amma da mai kyau ake yin ta, ba da wanda aka rasa mai saye ba. A zaɓi nunanne mai ƙarfi, a wanke, a yanka da kauri iri ɗaya don ya bushe tare. Kada a baza a ƙasa ko a gefen kwalta, inda ƙura da akuya da hayaƙin mota ke bi. A yi gado na itace mai tsayin ƙugu, a shimfiɗa tabarma ko raga mai tsafta, a rufa da gidan sauro saboda ƙuda. Da yamma a kwashe a shigar, kada raɓa ta sauka a kai. Ya bushe idan ka matsa ba ka ji danshi ba, kuma bai manne a yatsa ba. A bar shi ya huce, sannan a zuba a leda mai kauri ko bokiti mai murfi, a ɗora a kan katako nesa da bango. Bayan mako guda a buɗe a duba: idan an ga gumi a jikin ledar, a mayar da shi rana.